Rumfar Babanmu Ba Juji Ba Ce

Alhamis: Kano zuwa Kura

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidana da ke Gyaɗi-Gyaɗi, makonni kaɗan bayan an gama ƙidayar jama'a. Maigidana ya rako ni bakin titi riƙe da jakata. Da muka sami adaidaita ya ce, "Rakiya, in kin ga abin zai zama rigima ki dawo gida." Na ce masa, "Malam, ai rigimar ce ta fitar da ni." Ya miƙo mini jakar, ya yi mini addu'a.

Ga abin da ya fitar da ni. Mahaifinmu, Malam Habu, mabugi ne a garin Kura. Aikinsa shi ne ya karɓi rinannen yadi, ya shafa masa shuni, ya buge shi da gudumar katako a kan gungume har ya yi ƙyalli. Yana da rumfar bugu da rijiyoyin rini guda biyu a layin marina, gado daga kakanmu. Sana'ar ta riga shi mutuwa. Bayan rasuwarsa rumfar ta faɗi, rijiyoyin suka cike da ƙasa. To sai ga wani Alhaji mai injin casar shinkafa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya fara zagaye wurin da bulo. Da mahaifiyarmu, Inna, ta aika a tambaya, sai aka ce wai juji ne tun fil azal, ba shi da mai shi. Mai unguwa ya ce duk mai hujja ya kawo ta ranar Asabar. Takarda kuwa ba mu da ita, don a zamanin kakanmu ba a rubuta irin wannan.

Na isa tashar Na'ibawa ƙarfe shida saura minti goma. Hayis ɗin Kura ba ta cika ba sai shida da ashirin, kuɗin mota naira ɗari. Muka wuce Kwanar Dawaki, muka tarar da shinge kafin gadar Tamburawa, jami'in ya leƙo ya ga mata da buhunan taki, ya ɗaga mana hannu. Daga Karfi sai ido ya fara hutawa. A Kano ko ciyawa babu a wannan lokaci, amma nan ko'ina shar, an yanke alkama, ana shirin shinkafa. Tafiyar ba ta wuce kilomita talatin ba. Bakwai da minti biyar na sauka.

Kura

Warin shinkafar da ake turarawa ne ya fara tarbata. Duk gefen hanya an shimfiɗa tamfol an baza ta tana shan rana, injuna kuma har sun fara kuka. Kafin in shiga gida na bi ta layin marina. Bulo ya kai ƙuguna. Leburori uku suna kwaɓa siminti daidai inda gungumen Baba yake a da. Ɗaya ya ce, "Hajiya, matsa kar ya fallatso miki." Na ce, "A filin ubana nake tsaye." Suka kalli juna, suka ci gaba da aikinsu.

A gida na tarar da Inna da yayana Sale suna karyawa da koko da ƙosai. Yaya Sale manomi ne, kuma Alhajin nan ne ke sayen shinkafarsa duk kaka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ke dai da kin yi zamanki a makarantarki kina koyar da yaranki. Mu ne za mu zauna da mutumin nan, ba ke ba."

"Yaya, kai ma ka yarda juji ne?"

"Ban ce ba. Amma wa zai tsaya ya ce ba juji ba ne?"

Gaskiya ya faɗa. Na je wurin Baba Tanko, aminin mahaifinmu, wanda suka yi shekaru suna bugu a rumfa ɗaya, gwiwa da gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yar nan, na tsufa, ƙwaƙwalwata ba ta riƙe abu yanzu." 'Ya'yansa biyu a injin Alhaji suke aiki. Ban yi masa musu ba, na yi sallama na fito.

Inna ce ta tuna da mai hoto. Ta ce akwai wani Ɗanjuma da yake da shagon hoto a bakin tasha tun kafin a kawo ruwan kanal na noman rani, kuma ta taɓa ganinsa ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a layin marina ranar da ta kai wa Baba fura. Ta ji an ce ya koma noma wajen Bunkure. Yaya Sale ya yi dariya ya ce, "Hoton shekara arba'in? Ai ko mutumin yana raye gara ta gama da shi." Na ɗauki jakata. Ƙarfe goma da arba'in na bar gida.

Karfi zuwa Bunkure

Dole sai da na koma baya zuwa Karfi, don a nan hanyar Bunkure da Rano ta rabu. Na sayi gasasshiyar masara biyu naira talatin, na ci ɗaya a tsaye ina jiran mota. Wata tsohuwar fijo ce ta zo, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta.

Direban mai surutu ne. Ya ce, "Hajiya, sarin tumatir za ki je? Kin makara, ya kusa ƙarewa."

Na ce, "Hoto zan je nema."

"Hoto? Kin baro Kano kin taho Bunkure neman hoto?" Duk motar aka yi dariya, har da ni.

Mun isa sha biyu da kwata, rana ta take. Na tambayi mutum biyar ko sun san Ɗanjuma mai hoto, babu wanda ya taɓa jin sunan. Na yi sallar azahar a wani gida kusa da tasha, matar gidan ta ba ni ruwan randa mai sanyi. Da na fito sai na ga wani tsohon wanzami a gindin darbejiya, na ce bari in gwada shi. Ya dakata da askar a hannu ya ce, "Ɗanjuman Kura? Ai yanzu Ɗanjuma mai albasa ake ce masa. Shi ya ɗauke ni hoton da na tafi Makka da shi. Ki bi kanal ta gabas, ki tambayi Unguwar Kuka."

Mota ba ta zuwa can. Na hau acaɓa naira saba'in, muka bi kan gaɓar kanal, ruwa a dama, fadamun albasa da attaruhu a hagu. Sau biyu muna tsayawa shanun Fulani su gama shan ruwa su ba mu hanya. A wani wuri gaɓar ta zaizaye, na sauka na taka da ƙafa, laka ta cinye mini takalmi ɗaya sai da na sa hannu na zaro shi. Wayata tun daga Bunkure ba ta da sabis. Minti talatin da biyar muka yi.

Gidan Baba Ɗanjuma

Na same shi a rumfar ƙofar gida yana ware albasa. Dogo ne siriri, ƙafarsa ta hagu ta shanye, yana dogara sanda. Na gaishe shi, na ce ni 'yar Malam Habu mabugi ce. Ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Habu mai baƙin hannu? Wanda ko ranar Idi shunin ba ya fita daga farcensa?"

"Shi fa, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Ga goshinsa nan a fuskarki."

Matarsa, Iya Laraba, ta kawo mini dambun shinkafa da zogale. Ina ci ina ba shi labarin filin da aka ce juji ne, da hoton da na zo nema. Bayan la'asar ya sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya ce fina-finan hotunan duk damina ta lalata su, abin da ya rage sai wanda ya wanke a takarda. An jera su cikin tsofaffin ambulan, kowane da ganyen darbejiya saboda ƙwari. Ya ce aikinsa na ci da sha hoton fasfo ne na maniyyata da na 'yan makaranta, amma duk fim ɗin da ya yi saura sai ya fita da shi gari. "Mutane suna cewa Ɗanjuma ya haukace, yana ɗaukar hoton bango. To ga bangon nan, ina yake yanzu?"

Ya fara miƙo mini ɗaya bayan ɗaya. Ga tsohuwar tasha da motar katako, an ɗaure akuya a samanta. Ga kantin da babanmu yake saya mana alewa, mai ƙofar langa-langa biyu, inda yanzu ake sayar da katin waya. Ga layin maɗinka, kekuna bakwai a jere a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Ga mai gyaran fitila, ga masu awon gero da ƙwaryarsu, ga wata mai tuwo da na manta da ita sarai sai da na ga ƙatuwar tukunyarta, nan take ƙanshin miyar kukarta ya dawo mini. Ga Buzaye da raƙuma sun durƙusa a ƙofar gari, sun zo sarin turkuɗi, rinannen yadin nan mai ƙyalli, da rawani ɗan Kura. Bayan kowane hoto ya rubuta sunan wurin da na mutanen da fensir. Ba ya ma duba rubutun. Sai ya ɗora yatsa ya ce, wannan ya rasu a hanyar Agadas, wannan jikansa ne ke da gidan mai yanzu, wannan har ya mutu bai yafe mini ba don na ɗauke shi yana hamma.

Na girma a garin nan, amma sai ranar na gane yawan abin da na bari ya zube daga kaina. Yarana na aji huɗu in ka tambaye su Kura sai su ce shinkafa. Ba su san akwai lokacin da tun daga bakin gari kake jin ƙarar guduma kamar ana kiɗa ba.

A ambulan na shida muka same shi. Layin marina ne da hantsi. Rijiyoyin rini a jere, marina tsaye da dogayen sanduna. A dama ga rumfarmu, babanmu yana zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, guduma a sama. Yana da ƙuruciya fiye da yadda nake a yau. Kusa da shi wani saurayi yana dariya, haƙora duk a waje. A bayansu ga kusurwar masallacin unguwa da tagarsa mai siffar tauraro. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Iya Laraba ta dafa ni.

Da na natsu na ce, "Baba, ka ara mini shi zuwa Asabar."

Ya karɓe hoton daga hannuna ya mayar ambulan. "A'a."

"Wallahi zan dawo da shi da hannuna."

"Haka wani mai karatu daga birni ya rantse mini, ya tafi da guda arba'in. Shekara tara ke nan. Hoto ba ya fita daga gidan nan sai da ni."

Na ce, "To sai ka shirya, Baba, don ni ba zan koma babu shi ba."

Iya Laraba ta ce ina, ƙafar nan ba za ta iya ba, kuma rabonsa da Kura tun da aka rushe shagonsa wajen faɗaɗa titi, ya yi rantsuwa ba zai sake taka garin ba. Baba Ɗanjuma kuwa ya juyo gare ni ya ce, "Wa ya ce juji ne?" Na faɗa masa. Ya ce, "Laraba, wanke mini farar rigata. Rantsuwar zan yi kaffararta."

Juma'a

A ɗakin Iya Laraba na kwana. Sauron kanal ba ya jin maganin hayaƙi, sai da ta ba ni gidan sauronta. Juma'a ba mu yi tafiya ba, don rigar ba ta bushe da wuri ba, kuma Baba ya ce ba zai bar sallar Juma'a a masallacinsu ba. Na yini ina taya Iya tsinke ganyen albasa, shi kuma yana zaɓen hotunan da zai tafi da su. Na ce ɗaya kawai muke buƙata. Ya ce, "Ke ɗaya kike buƙata." Da yamma na hau kan gaɓar kanal inda aka ce ana samun sabis, na kira maigidana na ce ina lafiya, na kira Inna na ce ta gaya wa mai unguwa ina tafe da baƙo.

Asabar: zauren mai unguwa

Shida da rabi muka tashi. Wani maƙwabcinsu mai akori-kura zai kai albasa Karfi, ya sa Baba a gaba, ni da akwatin muka hau kan buhuna. Har yau in na buɗe jakar nan warin albasa nake ji. Daga Karfi muka sami hayis, tara saura kwata muna Kura. Baba Ɗanjuma ya tsaya a bakin tasha yana waige-waige. Ya nuna wata kwata da sandarsa ya ce, "Nan ne ɗakin wankin hotona." Muka wuce.

Zauren ya cika. Ga mai unguwa, ga Alhaji da mutanensa, ga dattawa har da Baba Tanko a can lungu, ga Yaya Sale kusa da ƙofa. Ni aka shimfiɗa mini tabarma daga waje, bakin ƙofa. Wani daga mutanen Alhaji ya ce ai da namiji a gidan, me ya kawo mace. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da gado a filin nan, kuma ni na je na nemo hujjar. In ba a so in shigo, muryata tana kaiwa daga nan." Mai unguwa ya ce in yi magana.

Baba Ɗanjuma ya miƙa hoton. Ya zaga hannu zuwa hannu har ya kai ga Alhaji. Ya kalle shi sama-sama ya ce, "Wannan ai ko'ina ne. Marina nawa ne a ƙasar Kano?"

Na ce, "A duba tagar masallacin da ke bayansu. A tashi a je a gani in ba ita ce ke kallon bulon Alhaji ba."

Aka yi ta ƙus-ƙus. Baba Ɗanjuma ya karɓi hoton, ya dogara sandarsa, ya ja ƙafa har lungun da Baba Tanko yake, ya ɗora masa a cinya. "Tanko, an ce ƙwaƙwalwarka ta tafi. Idonka fa? Wane ne wannan mai washe baki kusa da Habu?"

Baba Tanko ya kai hoton kusa da fuskarsa.

"Ni ne," in ji shi. "Ranar ya ba ni labarin an haifa masa Sale." Ya goge ido da bakin rawaninsa, ya juya wajen mai unguwa. "Rumfar Habu ce. Rijiya biyu na gabas nasa ne, na ubansa ne kafin shi. Shekara ashirin da wani abu ina zaune a wurin. In an kori yarana daga inji, Allah yana nan."

Daga nan wasu dattawa biyu suka ce su ma sun sani. Mai unguwa ya ce a dakatar da gini, a kai maganar gaban dagaci ranar Laraba. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya son fitina, tunda abin haka ne a yi wa filin kuɗi ya biya, a wuce wurin. Na ga Yaya Sale ya gyara zama. Na ce, "Alhaji, da ka zo ka yi sallama tun farko ka ce kana so, da wataƙila an yi ciniki. Amma ka ce wurin da ubanmu ya ci da mu juji ne. A fara sauke bulon, a faɗa a zauren nan cewa ba juji ba ne. Rabon Yaya nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Nawa ba na sayarwa ba ne." Wani ya ce yarinyar nan ba ta da kunya. Na ce shekarata arba'in da ɗaya.

Sai da muka fito Yaya Sale ya zo kusa da ni ya ce, "Mu ga hoton." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kin jawo mini aiki, Rakiya. Bana sai na kai shinkafata wani injin." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Ban ce ki ba ni haƙuri ba."

Baba Ɗanjuma kuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar masallaci, ya baje sauran hotunan, ya ɗora tsakuwa a kan kowanne, ya zauna da sandarsa a kan cinya yana gadi. Kafin azahar layin ya toshe. Masu inji sun bar inji, mata suna aikowa a karanta musu sunayen da ke baya. Wata tsohuwa ta zo da kanta, ta tsuguna gaban hoton maɗinka, ta ɗora yatsa kan na uku a jere. Mijinta ne. Ta ce tun da ya rasu take ƙoƙarin tuno fuskarsa ta kasa. Baba Ɗanjuma, mutumin da ya hana ni aron hoto na kwana biyu, ya ɗauka ya sa mata a hannu ya ce ta tafi da shi.

Komawa

Inna ta riƙe Baba Ɗanjuma ya kwana biyu a gidanmu, Yaya Sale ya ce shi zai mayar da shi har Unguwar Kuka. Ni Litinin ina da aji. Na bar Kura ƙarfe huɗu da rabi, muka sha cunkoso a Na'ibawa saboda tireloli, na shiga gida ana kiran magariba. Maigidana ya kalli takalmina da busasshiyar laka ya ce, "An yi rigimar?" Na ce, "An fara."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa wanzamin Bunkure da ban ko tambayi sunansa ba, da Iya Laraba da ta kwana biyu sauro yana cizonta saboda ni, da Baba Tanko da ya faɗi gaskiya alhali ya san abin da za ta iya jawo masa. Baba Ɗanjuma kuwa, Allah ya ƙara wa idonsa haske. Bulon yana nan tsaye, ba a sauke ko ɗaya ba. Na riga na rubuta wa hedimasta takardar neman izinin ranar Laraba, kuma na gaya masa ko bai sa hannu ba zan tafi.